Kwalekwalen da ba ya kamun kifi

A Kazaure, kwalekwale kayan sana'a ne na masunta da masu fito. Shi ya sa da wani tsohon malami ya sayi nasa don shan iska kawai a madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba, aka ce ya ɓarnatar da kuɗin sallamarsa.

Katako kuwa ba ya yafe sakaci. In ya daɗe a tudu rana ta tsaga shi, a ruwa kuma ya ruɓe. Kowane rani malamin kan cusa tsumma a tsagogin, ya bi da narkakkiyar kwalta, domin jikokinsa ma suna hawa.

Ladansa sa'a guda ce bayan La'asar. Yakan ajiye filafili a tsakiyar ruwa, ya zuba wa duwatsun garin ido, babu mai nemansa.