Garwa a Kan Keke: Inda Inuwa Take, Nan Mutane Suke



Wanda yake cikin mota gari yake gani, amma mai keke a jikinsa yake jin gari. Shekara biyu ke nan ina zuwa makaranta da keken da yayana ya bar mini, ina kuma zuwa aike da shi kasuwa. A cikin wannan kai-komo na gane cewa mafi tsadar abin da Garwa ta mallaka ba bene ba ne, ba kuma kwalta ba. Inuwa ce.

Kowa ya san zafin garinmu. A watan Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, sirdin keke ma sai ka ɗora masa tsumma kafin ka zauna. 'Yan klando suna wucewa fuu, iska na kaɗa su, ba ruwansu. Mai keke kuwa da ƙarfin ƙafarsa yake tafiya, don haka dole ya san hanya irin sanin da babu a taswira: wane titi ne ke da darbejiya jere, wane ne fayau babu ko reshe. Ni kaina nakan ƙara zagaye don kawai in bi ta ƙarƙashin itatuwa. Tafiyar ta fi tsawo, amma ina isa aji da sauran hankalina.

To, ku lura da abin da ke ƙarƙashin waɗannan itatuwa. Mai gyaran keke yana nan da famfonsa da kwanon ruwan neman huji. Mai shayi yana nan, mai yankan farce yana nan, ga iya mai ƙosai, ga dattawa a kan tabarma suna sauraron rediyo. Inda itace ya ƙare, nan zaman mutane yake ƙarewa. Malaminmu ya ce mana asalin darbejiya daga Indiya take. Ashe baƙuwa ce, amma yau ta fi ɗan gari zama ɗan gari. Waɗanda suka dasa ta yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, ba mu san sunayensu ba, kullum kuwa muna cin amfanin hannunsu.

Garwa ba ta rasa manyan gine-gine ba. Ga babban masallacin Pumpumre, wanda hasumiyarsa ke nuna maka hanya tun daga nesa. Ga fadar Lamiɗo, inda ake cika da dawaki ranar salla. Ga filin wasa na Rumde Ajiya, inda aka buga gasar cin kofin Afirka a watan Janairun 2022, har Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, baƙi suka cika mana gari. Ga gadar Binuwai, wadda in ka tsaya a kanta da yamma za ka ga masunta da kwale-kwalensu, wani lokaci har dorina ta leƙo. Kakana yakan ce a zamaninsu jiragen ruwa na hawowa daga Najeriya da damina, su yi lodin auduga da gyaɗa a tasha. Duk waɗannan abin alfahari ne, kuma garin da ya haifi Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, ya cancance su. Sai dai ba a cikinsu muke kwana ba. A gida muke kwana, kuma a nan maganata take.

Idan ka kutsa cikin tsofaffin unguwanni, inda lungu yake da ƙunci har sai ka sauka ka tura keke, za ka tarar da sauran gidajen ƙasa masu zaure. Shiga ɗaya da azahar ka ji. Wallahi kamar an zuba maka ruwan randa. Dalili kuwa a fili yake: bangon ƙasa yana da kauri, a hankali yake shan zafin rana, kafin zafin ya ratsa ciki rana ta yi sanyi. Rufin ciyawa kuma yana barin iska ta fita. Kwano fa? Da rana ta buge shi sai ya juyo da zafin kan mutanen ɗaki. Shi ya sa a sababbin unguwanni za ka ga gida na bulo da siminti, fenti tas, ƙofar ƙarfe mai kyau, amma da an ɗauke wuta kowa ya kwaso tabarma ya yi waje.

Ba ina cewa mu koma ginin ƙasa gaba ɗaya ba. Wanda ya ga yadda ruwan Agusta ke cin katanga, ya ga wahalar yaɓe duk shekara, ba zai zargi mai sayen siminti ba. Abin da ke damuna shi ne abin da ake yarwa tare da ƙasar. Zaure ba ɗaki ba ne kawai. A nan ake sauke baƙo, a nan ake sasanta maƙwabta, a nan da yawa daga cikin iyayenmu suka fara riƙe allo. Yanzu an mai da shi shago ko gareji. Sannan kafin a aza tubalin farko, sai a fara sare itacen da ke filin, wai yana tare wuri. Itacen da ya yi shekara talatin yana girma, cikin yini ɗaya ya zama itacen girki.

Na taɓa bin hanyar Pitowa da keke ranar Lahadi, ranar kasuwa, tare da abokai biyu. Duk inda muka hango itace babba, mun san za mu tarar da mutum a ƙarƙashinsa, ko mai sayar da ruwa, ko Bafulatana da ƙwaryar nono. Inda babu kuwa, sai ƙura da kamiyo masu auduga. Abin da ke faruwa a daji shi ne ke faruwa a gari.

Saboda haka ga roƙona. Ga iyayenmu masu niyyar gini: don Allah a bar wa itace wurinsa, a bar wa baƙo wurin zama ko da rumfa ce a ƙofar gida. Ga mu ɗalibai kuwa, abin bai fi ƙarfinmu ba. 'Ya'yan darbejiya suna tsirowa da kansu a gindin uwarsu da damina. Kowa ya ciro ɗaya ya dasa a ƙofar gidansu ko a bakin makaranta, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya riƙa zuba masa ruwan alwala da rani. An koya mana cewa duk wanda ya amfana da abin da ka dasa, mutum ne ko tsuntsu, kana da lada. Idan ajinmu kaɗai ya yi haka bana, ƙannenmu da ke aji ɗaya za su yi hadda a ƙarƙashinsu kafin su sauke.

Allah ya jiƙan waɗanda suka dasa mana, ya ba mu ikon dasa wa na baya. Wassalamu alaikum.