Makunni Uku, Ƙwai Ɗaya, da Abin da Ɗan Wana Ya Koya Mini



Daren Asabar da ta wuce muna zaune a majalisa nan Sabo, Ibadan, bayan sallar isha'i, sai wani malamin makaranta ya jefo mana wasa ƙwaƙwalwa. Ya ce ga makunni uku a waje, ga ƙwan lantarki ɗaya a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Ka taɓa makunnan yadda ka ga dama, amma sau ɗaya tak za ka shiga. Wanne ne na ƙwan?

Mu da muke taƙama da boko muka yi ta kai da kawowa. In ka kunna ɗaya ka shiga ba ka ga haske ba, saura biyu, sai canki-canka.

Ɗan wana yana gefe yana zuba mana shayi. Na daɗe ina yi wa yaron nan gori don ya bar sakandare ya kama koyon gyaran wuta. Sai ya ce, "Baffa, in sa baki?"

Ya ce a kunna na farko minti goma, a kashe, a kunna na biyu, a shiga. In ƙwan yana ci, na biyu ne. In a kashe yake amma da zafi, na farko ne. In da sanyi, na uku ne. Dalili kuwa, ƙwai mai siririyar waya a ciki, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama.

Malam ya ce, to in LED ne fa? Yaron ya ce shi ma gindinsa yana ɗumi, sai dai a ƙara masa lokaci, kuma kada a taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Ya ƙara da cewa in sauran biyun ba a haɗa su da komai ba, shi ko ɗakin ba zai shiga ba. Zai kashe duk kayan wutar gidan, ya riƙa kunna makunnan ɗaya bayan ɗaya yana kallon mita. Wanda ya sa ta fara ci, shi ne.

Wallahi kunya ta kama ni. Mu ido kawai muka sa, shi ya san ƙwai da hannunsa. Har yanzu ina so ya kammala karatu, kuma mun yi magana zai shiga ajin yamma. Amma gorin nan na daina shi. Washegari da kaina na kira shi ya duba mini soket ɗin shagona, na kuma biya shi kuɗin aikinsa cif.

Allah ya yi wa yaranmu albarka.