Baƙin Hunturu a Kalmalo

'Yar'uwa mai karatu, a biranen gaɓar teku irin su Dakar, mutane kan fita kallon tsuntsayen teku da hunturu. Mu a Illela ba mu da teku, amma Allah Ya ba mu tafkin Kalmalo.

Da kaka shamuwa ke yin kudu. Sai kuma baƙi su sauka: tsattsewa da ƙananan agwagin ruwa da suka gudo wa sanyin Turai, suka ratso Sahara, suka wuce ta kan Birnin Ƙonni ba mai tambayarsu fasfo. Nan suke tarar da 'yan gida, zalɓe da balbela da kirinjijiya.

Duk shekarar da tafkin ya riƙe ruwa, ni da maigida mukan kwashi yara mu je da sassafe. Wallahi hirar da ba ma samu a gida, can muke yin ta. Babban ɗanmu ma ya ajiye danko, wai ba a harbin baƙo.

Abin da ke damuna, wani lokacin tafkin ƙafewa yake yi, baƙin su wuce mu. Don Allah, in ruwa ya samu, kai yaranki su gani.