Akawun da Ya Manta da Ƙafarsa

Shekara shida na yi ina aikin akawun sito a wani kamfanin casar shinkafa da ke tsakanin Kano da Wudil, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa barin buhu ɗaya ya shiga ko ya fita ba tare da na ɗora masa biro ba. Lambar mota, sunan direba, nauyin kaya, ƙarfe nawa aka fara saukewa, duk suna cikin littafina. Har tsokanata leburori suke yi, wai ko ɓera ne ya ɗauki ƙwaya sai Malam Akawu ya yanka masa rasit. To, mai karatu, wannan akawun ne ya karye a ƙafa ya kwanta sati biyar ba tare da ya rubuta ko layi ɗaya game da ciwonsa ba, kuma labarin abin da wannan sakaci ya jawo masa nake son in ba ka.

Ranar Laraba ce, 16 ga Nuwamba, 2022. Kaka ta yi, shanshera sai shigowa take yi daga Kura da Haɗejiya, sito ya cika maƙil har an jera buhuna sun wuce inda aka saba tsayawa. Bayan la'asar ina tsaye ina ƙirga wani layi sai na ji wani yaro ya ƙwalla ihu, kafin in ɗaga kai tulin ya rufto. Da yake da sauran shan ruwa a gaba, buhunan ba su same ni a ka ba, ƙafar dama suka danne. Da aka janye su sai na ga ƙashin ƙwaurina ya ɓullo ta cikin wando. Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba.

A wani ƙaramin asibitin kuɗi na farfaɗo. An ɗauki hoton ƙafar, an wanke ciwon, an yi mini allurai, an ɗaura mini ruwa. Kashiyan kamfani ne ya biya komai, ina kallo ya ninke rasit ya sa a aljihunsa, ni kuwa har godiya nake yi masa. Likitan ya ce aikin ya fi ƙarfinsu, ya rubuta takarda ya ce a wuce da ni asibitin ƙashi a daren. Kafin a samo mota sai ga Baffana ya iso daga Achika, ya dubi ƙafar ya dube ni ya ce, "Kai yaro, in ka bari suka kai ka asibiti yanke ta za su yi. Gida za mu tafi, kakanninka ma a gida aka yi musu ɗori." Mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, da wane baki zan musa masa? Haka aka naɗe ni a bayan mota sai Achika.

Ba zan ci naman mai ɗorin nan ba, domin na san mutane da yawa a yankinmu da suka miƙe ta hannunsa. Sai dai karayar da ƙashi ya huda fata daban take da wadda fata ta rufe, domin ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta, shi kuwa karare da tsumma da man shanu ya sani. Ya ja, ya ɗaure, ya ce in yi haƙuri kwana arba'in. Takardar da likita ya rubuta tana aljihun wandon da ya ɓaci da jini, aka haɗa da ita aka wanke. Hoton ƙashin kuwa yara suka samu, suna kara shi a ido suna kallon rana, har ya kakkarye. Ina kwance a soro ina ganinsu, ban ce uffan ba, don a tunanina aikinsa ya ƙare.

A sati na huɗu zazzaɓi ya fara rufe ni kowane dare, ƙafar ta kumbura tana fitar da ruwa mai wari, har masu zuwa dubiya suka rage zama. Maiɗakina ce ta je ta durƙusa gaban Inna tana kuka, Inna kuma ta aika aka kira Baffa ta ce masa, "Malam, ɗorin nan ya isa haka. In yanka ce ma a yanke, ya fi a binne mini shi." A ƙarshen Disamba muka kama hanyar Kano, wajen kilomita 40 daga Wudil, zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda tun 1959 ake gyaran ƙashin mutanen Arewa a cikinsa.

A nan na fara jin kunyar da har yau ba ta sake ni ba. Likita ya warware tsumman, ya yi shiru, sannan ya fara tambaya. Ranar nawa ga wata abin ya faru? Wannan kaɗai na amsa. Ina hoton farko? Babu. An yi maka allurar tetanus? Na ce an dai yi mini allurai. Waɗanne magunguna ka sha, na kwana nawa? Na ce akwai fari, akwai ja da rawaya. Akwai maganin da jikinka ba ya so? Na dubi maiɗakina, ita ma ta dube ni. Ya ajiye biro ya ce, "Malam, kowace tambaya da ka kasa amsawa, kuɗi ne da lokaci za ka sake biya." Haka kuwa aka yi. Aka sake hoto, aka ɗebi jini, aka ɗebi ruwan ciwon don a gano irin ƙwayar cutar da maganin da zai kashe ta. Sai da aka yi makonni ana yaƙi da ruɓar kafin aikin ƙashin ya kankama. Ƙafar da Baffa yake tsoron a yanke, su ne suka ceto ta.

Wata dattijuwar nas da ke wanke mini ciwo ta tambaye ni sana'ata. Da na ce akawu ne sai ta saki almakashi ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ɗana, akawu guda, ka san lissafin shinkafar wani amma ba ka san na ƙafarka ba? Fayil ɗin da ka ga muna rubutu a ciki namu ne, a nan zai kwana. Kai kuwa yawo za ka yi da ƙafar nan, daga wannan asibiti zuwa wancan, daga wannan kemis zuwa wancan. Ka yi naka." A ranar maiɗakina ta fita bakin ƙofa ta sayo littafin 'yan makaranta mai warƙa arba'in. Na ja masa layuka irin na littafin sito: kwanan wata, wuri, abin da aka yi, sunan magani da yadda za a sha, sai kuɗi. A shafin farko muka rubuta lambar katina, da rukunin jinina, da ranar hatsarin. Da yake hannuna na rawa a lokacin, ita ce take rubutun, tana kwafo sunan magani harafi bayan harafi daga jikin kwalinsa, ita da karatunta ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare.

Ba a yi wata biyu ba littafin ya biya kuɗinsa. Bayan an sallame ni na fara jin zafi a ƙirji da saman ciki, kamar an zuba barkono. Da muka koma ganin likita ya karɓi littafin yana dubawa, sai ya tsaya a wani layi. Ashe ban da diclofenac da aka rubuta mini, ƙanena yana sayo mini ibuprofen a kemis duk daren da zogi ya hana ni barci, kuma maiɗakina ta rubuta shi kamar yadda take rubuta komai. Likita ya ce magungunan biyu dangi ɗaya ne, haɗa su yana cin bangon ciki har ya kai ga gyambo, yana kuma wahalar da ƙoda. Da baki aka tambaye ni, wallahi da ban ambaci na kemis ba, domin ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Lokacin kuma ya faɗo daidai da canjin kuɗi na farkon 2023, sa'ad da takardar naira ta yi ɓatan dabo, komai sai ta POS ko tura kuɗi ta waya. Muna tara 'yan rasiɗan nan a leda muna ganin mun yi dabara, ashe tawadarsu ba ta jure zafi. Kafin azumi rabinsu sun koma farar takarda. Daga nan muka koyi ɗaukar hoton kowace takarda da waya tun a ranar da aka ba mu ita, hoton ƙashi kuma a kara shi a taga a ɗauka, sannan a tura wa yayanta da ke Kano don ko waya ta ɓata. Su kansu hotunan ƙashin muka sa su a babban ambulan, a shimfiɗe ƙarƙashin katifa, nesa da rana da laima da yara. Akwai wani asibiti kusa da gida da nake zuwa wankin ciwo, sau biyu ana neman fayil ɗina a rasa, sai mu buɗe littafi a ci gaba daga inda aka tsaya.

Bayan Babbar Sallah, ina dogara sanda, na koma kamfani. Mun sayar da akuyoyi huɗu da keken ɗinkin maiɗakina, ga bashi, ga kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu. Na tarar an canja manaja, kashiya ya bar aiki, wani yaro na zaune a kujerata. Sabon manajan ya saurare ni da kyau, sannan ya ce, "Malam, ban ƙaryata ka ba, amma a takardun da na gada babu inda aka ce an yi hatsari a siton nan. Ina shaidarka?" Na ce, "Yallaɓai, ga ƙafata." Ya ce ƙafa ba ta faɗin inda ta karye.

Wani abokina da ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma ne ya buɗe mini ido. Ashe tun 2010 akwai dokar biyan diyyar ma'aikata a Nijeriya, wadda hukumar NSITF take kula da ita. Mai kamfani ne yake zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, ba a cire ko sisi daga na ma'aikaci. Wanda ya ji rauni a bakin aiki zai sanar da mai kamfani cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Ni kuwa ko takardar ɗaukar aiki ba ni da ita, a hannu ake biyana, kuma kwana 14 ɗin nan a soro na cinye su ina shan romo. Ya kuma gaya mini cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti ya ajiye bayanan duk wanda ya duba. Wannan maganar ce ta mayar da ni ƙaramin asibitin nan na farko.

Katina dai ba a gan shi ba. Amma wani tsohon ma'aikacinsu ya yi haƙuri ya zaƙulo babban littafin rajista na 2022, muka bi shafi shafi har 16 ga Nuwamba. Ga sunana, ga ƙarfe biyar da kwata na yamma, ga bayanin cewa buhuna ne suka faɗo mini a wurin aiki, ga kuma sunan kamfanin a gurbin wanda ya biya. Wani akawu ɗan'uwana, da ban san fuskarsa ba, ya yi aikinsa a ranar da ni na kasa yin nawa. Na zauna a benci na yi hawaye. Suka rubuta mini rahoto suka buga hatimi, na haɗa da rahoton likitana da littafinmu, wanda a lokacin ya zama na uku.

Da dattawa biyu muka koma, Baffa na cikinsu, domin shi ya ce lallai sai ya je. Manaja ya ɗauki kusan awa guda yana bin littattafan da na'urar lissafi. A ƙarshe aka yi sulhu, kamfani ya biya kuɗin maganin da ke rubuce, tun daga ranar da muka fara rubutu. Na sati biyar ɗin farko, da kuɗin mai ɗori, da watannin da na yi ba albashi, duk suka bi ruwa. Ban kai maganar gaba ba, ƙarfina da aljihuna ba su kai ba, kuma har yau ina tambayar kaina ko na yi daidai.

Yanzu ina ɗingishi kaɗan, in sanyi ya shigo ƙafar takan tuna mini da kanta. Na kama 'yar sana'ar awo, ina bin kasuwar Darki da ta Wudil. Littattafan suna nan a ambulan ɗinsu. Kwanakin baya injin markaɗe ya kama yatsun wani yaro maƙwabcinmu, kafin a fito da babur na ga Baffa ya nufo gidanmu da sauri yana cewa, "Ina 'yar nan? Ta kawo biro da sabon littafi, asibiti za mu." Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mu daga tsautsayi, amin.