Fayil ɗaya ya kusa cinye mini furojet

Saura kwana biyu in kare furojet ɗina na difloma, na kai wa malamin da ke duba aikina manhajar lissafin kuɗin makaranta da na rubuta da Visual C++. A laftof ɗina tana aiki lafiya lau. A kwamfutar ofishinsa kuwa ko buɗewa ta ƙi, wai babu MSVCP140.dll.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na kwafo fayil ɗin daga System32 ɗina, na jefa cikin jakar manhajar. Sai ga wani saƙon: 0xc000007b. Malam ya cire tabarau ya ce, "Gobe ka dawo mini da abin da ke aiki."

Da daddare na gane wautata. A Windows mai bit 64, System32 duk da sunansa fayilolin bit 64 ne a ciki, na bit 32 suna SysWOW64. Tawa manhajar kuwa bit 32 ce. Allah Ya taimake ni ban bi shawarar abokin ɗakina ba, da ya ce in juye dukan DLL ɗina cikin System32 ɗin malam. Waɗannan fayiloli na tarayya ne. Ka danne sabo da tsoho, manhajar wani ta daina aiki, kuma ba zai san daga ina ba.

Sai na sa vc_redist.x86.exe na Microsoft cikin Inno Setup, ya fara gudana kafin tawa. Idan ya tarar da wanda ya fi shi sabunta, ba ya taɓa shi.

Washegari ta buɗe. Malam bai ce komai ba, ya dai sa hannu.