Karnukan Ruwan Kogin Cuiabá

Duk baƙon da ya nufi Porto Jofre, damisa ce ta kai shi. Hanyar da ake bi daga garin Poconé, wadda suke kira Transpantaneira, jar ƙasa ce mai tsawon kilomita kusan 147, da gadoji fiye da 100, kuma a bakin kogin Cuiabá take ƙarewa. Wannan shi ne Pantanal, dausayi mafi girma a ƙasashe masu zafi, akasarinsa a Barazil, sauran ya shiga Bolibiya da Faraguwai. Raninsu yana faɗowa ne lokacin da muke cikin damina. Ruwa ya janye, dabbobi sun taru a bakin kogi, kwalekwale masu inji suna ta safa da marwa da masu ɗaukar hoto, kowa na neman damisar can da ake kira jaguwa.

Ni ma ita na je gani, na kuwa gan ta, tana kwance a inuwa tana hamma. Amma abin da ya tsaya mini a rai karen ruwa ne.

Kafin ka gan su za ka ji su. Muna cikin wani siririn reshen kogi sai wata ƙara ta taso daga cikin ciyayi, gurnani da tsuwa da wani irin atishawa mai ƙarfi. Matuƙinmu ya kashe inji, ya ce ariranha ne, sunan da mutanen wurin suke kiransu. Sai ga kawuna suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san ɗan karen ruwan kogunanmu na Afirka zai yi mamaki, don wannan ya kan kai mita 1.7 daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya, nauyinsa kuma kilo 30 ko kusa da haka. Babu mai tsawonsa a duk danginsa. Jikinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, yana sheƙi, yatsunsa haɗe da fata, ga wutsiya faffaɗa da yake tuƙi da ita.

Ba su gudu ba. Babban cikinsu ya miƙe a cikin ruwa har ƙirjinsa ya fito, ya zuba mana ido yana huci. A maƙogwaronsa akwai farin zane, kuma na kowannensu daban ne, babu biyu masu iri ɗaya. Da wannan zanen masu bincike suke tantance su, matuƙan kwalekwale ma da shi suke gane na wane gida ne suka tarar.

Gida nake cewa, don kuwa zaman gida suke yi. Uwa da uba ne, da 'ya'yan bana da na bara da na bariya, sukan kai biyar zuwa takwas. Uwa da uban kaɗai ke haihuwa. Manyan 'ya'ya su ne 'yan raino, su ke tsaron rami idan uwa ta fita farauta, har lokacin da kowannensu zai kama gabansa ya nemi nasa yankin. Ramin a gaɓar kogi suke haƙa shi, ƙarƙashin saiwoyin itatuwa. Kusa da shi sukan share wani fili su tattake ciyawarsa, nan ne makewayinsu gaba ɗaya. Na ga ɗaya yana cuɗa kashi da fitsari da laka da ƙafafunsa na gaba, yana shafe filin da kyau kamar an ba shi kwangila. Ƙarnin wurin ya iso mu tun daga tsakiyar kogi. Shi ne shaidar da suke bar wa wani gidan cewa nan da masu shi.

Cin abincinsu kuwa abin kallo ne. Da rana suke farauta. Ɗaya ya nutse, bai daɗe ba ya fito da tarwaɗa tana mutsu-mutsu, ya nufi wani kututture da ya faɗa ruwa, ya jingina gwiwar hannu a kai. Ya riƙe kifin da hannu biyu, ya soma daga kai. Muna jin ƙasusuwa suna fashewa ƙurus-ƙurus, kamar yaro yana gurgurar ƙuli-ƙuli. Wani ƙarami ya matso yana kuka yana roƙo, babban ya juya masa baya har sai da ya kusa cinyewa, sannan ya sakar masa wutsiyar. Babba ɗaya yakan ci kilo 3 zuwa 4 na kifi a yini, har da firanha mai haƙoran nan da mutane suke tsoro.

A kogin nan kadoji sun yi yawa har mutum ya daina ƙirgawa. Kada kuwa ba ta ƙin ɗan karen ruwa idan ta samu shi kaɗai. Maganin da suka yi wa wannan shi ne taron dangi. Da ɗaya ya yi kururuwa sai duk gidan ya nufo wurin, wani ya tare gaba, wani ya ciji wutsiya, har kadar ta haƙura. Damisa ma sukan taso mata da ihu daga cikin ruwa har ta bar gaɓar.

Wannan jarumtakar ce ta kusa ƙarar da su. Dabbar da ke fita da rana, mai surutu, wadda in ta ga kwalekwale sai ta matso ta miƙa wuya tana kallo, ai ta gama yi wa mai bindiga rabin aiki. In an harbi ɗaya, sauran ba sa watsewa, kansa suke dawowa. Gashinsu gajere ne mai laushi, Turai da Amurka suna sonsa don rigunan sanyi. Daga Peru kaɗai an fitar da fatu fiye da 20,000 tsakanin 1946 da 1973. Barazil ta hana farautar namun daji don kasuwanci a 1967, sannan yarjejeniyar CITES da ta fara aiki a 1975 ta rufe kasuwar fatar a duniya. Sun ɗan farfaɗo a Pantanal, amma har yau suna cikin jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Yanzu abin da ke damunsu ya sauya: sinadarin makuri da masu haƙar zinariya suke zubarwa yana taruwa a jikin kifi, ana sare itatuwan gaɓa, ga gobarar 2020 da ta cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dausayin.

Mu 'yan kallo ma ba mu fita daga zargi ba. Uwa mai shayarwa in aka dame ta da ƙarar inji, nononta yakan ɗauke, ko ta kwashi 'ya'yan a baki ta sauya rami, a hanya kuwa kada na jira. Shi ya sa da muka iso wani rami mai sabuwar haihuwa matuƙinmu ya tsaya can nesa. Wani Bature mai doguwar kyamara ya yi ta magiya, har da alkawarin ƙarin kuɗi, matuƙin ya girgiza kai. Abin dariyar shi ne ba ƙaunarsu yake yi ba. Masunci ne kafin ya koma ɗaukar baƙi, kuma duk hanyar komawa mita yake yi cewa ɓarayin kifi ne, in suka shiga wuri sai masunci ya naɗe ƙugiyarsa ya nemi wani.