NA SO IN KAWO TEKU ƊAKINA

'Yan'uwana 'yanmata, musamman ku da ke makaranta. Yau labarin kaina na kawo muku, ba na wata ba, domin kuwa na daɗe ina jin kunyar ba da shi, amma na ga gara in faɗa, ko wata ta tsira da kuɗinta da hawayenta.

Ni haifaffiyar Gummi ce, a nan na tashi, ban kuma taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin garinmu girma ba. A azumin 2023, ina aji biyar na sakandare, Goggona da ke aure a Anka ta je Umra. Da ta dawo ta zo gidanmu rabon tsaraba, ni ta miƙo mini wata sarƙar murjani ja, sannan ta buɗe wayarta tana nuna mana abubuwan da ta gano. Can sai ga hoton wani gidan kallon kifaye da ke bakin teku a Jidda, mai suna Fakieh. Wallahi 'yan'uwa numfashina sai da ya tsaya. Kifaye rawaya da shuɗi da ruwan goro suna kai da komo a tsakanin wasu abubuwa kamar furanni, kamar rassan itace, suna rangaji a cikin ruwa garai-garai.

Na ce, "Goggo, waɗannan furannin fa?" Ta yi dariya ta ce, "Ke ɗiyag ga, ba hure ba ne, dangin abin da ke wuyanki ne, murjani."

Na shafa wuyana, jikina ya yi sanyi. Ashe murjanin da muke ado da shi, na ainihi ba na roba ba, halitta ce mai rai a ƙarƙashin teku. Tun daga daren nan barci ya ƙaurace mini. Kullum sai in ari wayar Yayata in yi ta kallon yadda mutane a ƙasashen waje ke ajiye ƙaramin teku a akwatin gilas a cikin falonsu, har da ɗan kifin nan mai ratsin fari na fim ɗin katun Finding Nemo. Zuciyata ta ce, ke ma za ki iya. Ruwa ne da gishiri da kifi, wanne ne babu a Gummi?

To a lokacin ina da naira dubu 24 a asusu, kuɗin ɗinkin hula da na yi shekara guda ina tarawa. Mun yi alkawari da Inna cewa su zan cika a biya mini rajistar jarrabawar fita, don Baba ƙarfinsa ya ja baya, ga ƙannena biyar. Ranar wata Juma'a na fasa asusun nan ba da sanin kowa ba. Na aiki ƙanena wurin mai yankan gilashin taga, aka yanko mini guda biyar, aka haɗa da gam ɗin silikon: tsawo santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wato yana cin ruwa lita 54. Da kuɗin gilas da gam da 'yar fitila da na aike, rabin kuɗin ya tafi. Na ce wa Inna aikin makaranta ne. Ƙarya ta farko ke nan, Allah ya yafe mini.

Na cika shi da ruwan rijiya, na yi ta zuba gishirin miya ina ɗanɗanawa har sai da na ji ya yi ɗaci. Sannan na sa aka sayo mini 'yan kawara da 'yan karfasa masu rai a wurin masunta, guda takwas. Ina zuba su suka fara zabura kamar an watsa musu wuta, ni kuwa sakarya ina tafi, wai murna suke yi. Ko da na tashi sallar asuba na haska fitila, duk sun juya ciki sama. Na durƙusa a wurin na yi kuka mai isata.

Da mai hankali ce da na tsaya nan. Ina! Na zubar da ruwan, na sake cikawa ba gishiri, na sayo wasu guda goma sha biyu. Kullum sau huɗu ina watsa musu dusa da guntun tuwo, don kada a ce na bar baƙi da yunwa. Kwana uku ruwa ya yi fari kamar tsarin shinkafa, kwana biyar ya fara wari, kifayen suna tasowa sama suna buɗe baki. Kafin sati ya cika babu ko ɗaya. Kifi ashirin na kashe da hannuna, kuɗin jarrabawa kuma saura dubu 7.

Ana cikin haka sai ga Yaya Bello, ɗan Goggon nan ta Anka, ya zo hutu. Yana karatu a kwalejin tarayya ta kiwon kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, kusa da Kainji. Taubashina ne, ba ma haɗuwa sai da tsiya, don haka na so in ɓoye akwatin, amma ƙanena mai bakin tsiya ya riga ya kai rahoto. Ya shigo ya tsaya a kan akwatin, na sunkuyar da kai ina jiran dariya. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Hadiza, waɗanga duwatsun daga ina?"

Wasu duwatsu ne masu ƙyalli da na jera a ciki. Wata ƙawata 'yar ƙasar Bukkuyum ce ta kawo mini daga ƙauyensu, ta ce a wurin masu haƙar zinari ake samunsu. Da na faɗa masa sai na ga fuskarsa ta canza. Bai ce uffan ba, ya nemi leda ya sa a hannu ya kwashe su, ya sa na wanke hannuna da sabulu, aka goge ɗakin da tsumma mai ruwa. Sannan ya ce, "Kin san abin da ya faru a 2010?"

Ina 'yar ƙarama lokacin, amma wa zai tashi a ƙasarmu bai ji labarin gubar dalma ba? A ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, an riƙa kawo duwatsun zinari cikin gida ana daka ana niƙa, ƙurar dalma ta cika tsakar gidaje, yara kimanin 400 suka rasu, dubbai suka kamu, sai da likitocin MSF suka zo aka yi ta magani ana kankare ƙasar gidaje. Ya ce, "Ban ce lalle waɗanga na da dalma ba, amma ido ba ya gane ta. Ga ƙanwarki mai rarrafe, komi ta gani baki." Gabana ya faɗi. Ni da nake kukan kifi, ashe abin da na shigo da shi ɗaki ya fi ƙarfin kifi.

Da hankalina ya kwanta ya zaunar da ni a tabarma, Inna na gefe tana tsince shinkafa, ya yi mini karatun da ban taɓa samu a aji ba. Ga abin da na riƙe, har na rubuta a bayan littafina.

Ruwan teku ba ruwa da gishirin miya ba ne kawai. A kowace lita akwai gishiri kimanin giram 35, kuma gauraye ne da kalsiyam da magnisiyam da wasu sinadarai, waɗanda da su murjani ke gina ƙashinsa. Masu ajiye shi a gida gishiri na musamman suke saye, su dama da tataccen ruwa, su auna da ma'auni, ba da harshe ba. Kifin gulbi kuwa idan aka jefa shi farat ɗaya a irin wannan ruwa, gishirin zai zuƙe ruwan jikinsa, kamar yadda yake yi wa nama idan an barbaɗa. Abin da ya kashe takwas ɗin farko ke nan.

Shi murjanin da ke gina tsaunukan ƙarƙashin teku, irin na Bahar Maliya, akwai wata gansakuka ƙanana da ke zaune a cikin jikinsa, ita ke samar masa da abinci daga haske, ita kuma ke ba shi launi. Don haka yana son fitila mai ƙarfi sa'o'i takwas zuwa goma kullum, da injin da ke kaɗa ruwa dare da rana, da ruwan da ɗuminsa ke tsakanin digiri 24 zuwa 27. Idan zafi ya yi yawa sai ya kori gansakukar, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Yaya Bello ya dube ni ya ce, "A bazara Gummi na wuce digiri 40. Wuta kuma kin san halinta. Kuma ƙaramin akwati ya fi babba wahala, don ruwa kaɗan saurin zafi gare shi, in ya ƙafe kaɗan gishiri ya yi yawa. Ba cewa na yi ba ya yiwuwa ba. Yana yiwuwa ga mai sola da na'urar sanyaya ɗaki da hanyar samun kaya daga Legas. Ke wanne gare ki?" Na yi shiru. Inna ta ce, "Tana da dubu bakwai." Ashe ta sani tun tuni, kallona kawai take yi.

Sha biyun na biyu kuwa, ya ce ƙaunata ce ta kashe su. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, guba ce ga kifi. A gulbi akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wanda bai kai su cutarwa ba. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi, sai an ba su sati huɗu zuwa shida sun hayayyafa a jikin soso da yashi. Wannan doka ɗaya ce, ko ruwan teku ne ko na rijiya. Ya ce, "Ruwa ake fara kiwo, ƙanwata, sannan kifi."

A daren nan na durƙusa gaban Inna na roƙi gafara. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Babanki ba zai ji daga bakina ba, amma kuɗin nan ke za ki maido su da allurarki." Wata huɗu ina ɗinkin hula har yatsuna suka yi kanta, in dawo makaranta in ɗauka, bayan isha'i in ɗauka. Sai ana saura kwana tara a rufe rajista na cika su. Tsoron da na sha a kwanakin nan ba na fatan ko maƙiyiyata ta sha.

Akwatin kuwa ban yar ba. A cikin watannin nan na bi abin da aka gaya mini sannu a hankali, kusan ba da ko sisi ba. Na wanke shi tas ba sabulu, don sabulu na kashe kifi. Na ɗebo yashin gulbi na wanke har ruwan ya fita fari. Yaya Bello ya aiko mini da ɗan injin hura iska mai aiki da fawa banki, da soso da ake maƙala masa. Na ajiye akwatin inda rana ba ta dukansa, na cika da ruwan rijiya. Wadda ke da ruwan famfo ta bar shi ya kwana a buɗe tukuna saboda kulorin. Sati shida ina jefa ɗan tsinken abinci a ruwan da babu kowa a ciki, ƙannena na yi mini dariya wai ina ciyar da aljanu.

Da ya dawo hutu na gaba sai ya shigo da ƙwarya a rufe, daga wurin wani masunci. Na leƙa: kifaye biyu, ba su wuce yatsana ba, dangin karfasa, masu ja-ja da ɗigo-ɗigon shuɗi mai ƙyalli. Na ce, "Yaya, daga Legas?" Ya ce, "Daga ruwanmu. Irinsu ake sayarwa a shagunan Turai, sunan lu'ulu'u ma suka ba su. Ke kina hangen na Jidda, su suna hangen naki. Amma biyu kawai, masifaffu ne, ba su son kishiya." Inna ta yi gyaran murya, ni kuwa na rufe fuska da mayafi.

Tun daga nan sau ɗaya ko biyu nake ba su abinci a rana, iya abin da za su cinye cikin minti biyu. Duk sati in kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan in zuba sabo, sosan kuma a cikin tsohon ruwan nake matse shi don kada ƙwayoyin su mutu. Bayan 'yan watanni sai na ga sun yi jajur kamar garwashi, sun share bayan wani dutse sun zuba ƙwai, uwa da uba suna gadi bi da bi. Ranar da 'ya'yan suka fito suna bin iyayen kamar ƙura, har Baba sai da ya jawo kujera ya zauna yana ta tasbihi.

'Yan'uwa, ban fasa son teku ba. Har gobe idan na ga hoton murjani sai zuciyata ta motsa, kuma ina da littafin da nake rubuta abin da na koya, ko Allah zai kai ni inda zan iya. Amma na gane cewa abin da aka nuna miki a waya an nuna miki ƙarshensa ne, ba a nuna miki watannin da aka yi ana gyara ruwa ba. Kafin ki fasa asusunki ki tambayi wanda ya sani, ki kuma gaya wa mahaifiyarki gaskiya. Kada ki shigo da dutse ko ƙasar da ba ki san asalinta ba cikin gida, balle daga wurin haƙar zinari. Abu mai rai kuma amana ne, ba kayan jere ba.

Masu tambayar ina aka kwana tsakanina da Yaya Bello, ku yi haƙuri. Ya ce sai na gama karatu, ni ma na ce haka. Mu ne fa muka san ruwa ake fara gyarawa.

Taku har kullum,
Hadiza, daga Gummi.